Tumatirin Yakuba da Tukunyar Zuwera

Kafin Yakuba ya zama mutumin garka, kabu-kabu yake yi a Gaya, kuma kayan gwari ya fi ɗauka. Ya sha ɗaure kwandon tumatir a bayan moto ya nufi Malanville, kafin ya ƙetare gada ruwan tumatirin ya jiƙa masa wando sharkaf. Abin ya tsaya masa a rai. Da mahaifinsa ya rasu ya bar masa garka a bakin kogi, sai ya ajiye sana'ar, ya ce shi zai fitar da tumatirin da hanya ba za ta iya masa ba.

Dabararsa ta ba mutane dariya. Sauran manoma sukan sayar da ɗiban fari, su cire iri daga ragowar ƙarshe. Shi kuwa ɗiban farin yake lodawa a moto ya bi hanyar Tanda, ramin da kowa ke kauce wa shi da gangan yake faɗawa ciki. In ya dawo, wanda ya fashe na kaji ne. Wanda ya tsira shi zai matse, ya wanke ƙwayoyin, ya shanya a inuwa, ya adana a kwalba da toka. Haka kowace shekara. Aka laƙaba masa Mai Yawo da Tumatir, shi ko a jikinsa.

Kuma ya ci nasara, a faɗi gaskiya. Tumatirinsa ya yi fata mai kauri, ba ya tsagewa bayan ban ruwa, zafin rana bai cika dafa shi ba. Masu kamiyo, manyan motocin kaya, suka riƙa rububinsa don yana isa Yamai garau. Yakuba ya fara tafiya yana buɗa kafaɗa.

Wata rana ya leƙa madafa neman wuƙa, sai ya tarar da matarsa Zuwera tana kankare tumatirin gwangwani cikin miya.

"Zuwera! Gwangwani? A gidana?"

"To Maigida, me zan sa? Naka ai na masu kamiyo ne. In aka jefi kare da shi sai ya yi ɗingishi, amma a tukunya ruwa ne da jan launi."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in yaye auta. Kai ne ma kake ta yabon miyar."

Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai, don gaskiya ce. Shekarun nan duk hanya yake tambaya, bai taɓa tambayar baki ba. Tumatirinsa na shiga tukwanen Yamai, ta gidansa ta ƙi shi.

Ya sauke girman kai ya nemi shawararta. Zuwera ta karɓo irin tsohuwarta daga Tanda, wani ɗan tumatir mai tsaga-tsaga, mummuna, wanda ko kallon kirki aka yi masa sai ya fashe, amma ƙamshinsa na cika gida. Yakuba ya dasa shi tsakanin nasa, ya bar ƙudan zuma su yi aikinsu. Ya kuma ƙara doka: duk wanda ya tsira daga hanyar Tanda sai ya gurfana gaban Zuwera. Ya raba shi biyu, ta ɗanɗani rabi, in ta yarda a cire iri daga sauran.

Alƙaliyar kuwa ba ta da sassauci. "Ruwa," ta ce, ta tofar. "Wannan tsamiya ce." "Wannan ba laifi, amma ba zai kaɗa miya ba." Rani ya zo ya wuce, wani ya zo, auta har ta shiga lakwal karatun boko, ita dai tana ta tofarwa.

Ran nan da hantsi suna zaune gindin mangwaro a garka, ya miƙa mata rabin wani. Ta tauna, ta haɗiye. Ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya rabin, ta jefa a baki.

"Ke! Irin fa! Kin haɗiye mini iri!"

"Daga wane gindi ka tsinko shi?"

Ya nuna mata. Ta tashi ta ware bakin zanenta, ta shiga tsinka.

"Bar mini ko uku, don Allah," ya ce, yana dariya, idonsa ya ciko.

"Uku na bar maka. Sauran na miyar yau ne."