Garwar da Na Zuba Man Alkakin Salla

Malam Edita, ni ba mai dogon zance ba ce, kuma ba yabo nake nema ba. A lokacin da abin nan ya faru ni yarinya ce mai rawar kai, ina cikin 'yan matan da aka fara kaiwa makarantar boko a Katsina, shekarun da mutane ba su gama sabawa da kwabo da sule ba. Na yi aure, auren bai yi ƙarko ba, na dawo Dutsin-Ma gidan goggona, ƙanwar mahaifina. Sana'arta alkaki, kuma duk gidan da ya isa gida a garin, ranar ƙaramar salla alkakinta ne a akushinsu. Ƙafafunta sun fara ciwo, sai ta sakar mini ragamar sana'ar. Ni kuwa halina ke nan tun ina ƙarama, abin da za a yi gobe ina son a gama shi jiya. Goggo kan ce da a son raina ake haihuwa, da an haife ni wata bakwai don gaggawa.

Abin da ya fi ba ni haushi a sana'ar shi ne duk shekara sai azumi ya yi nisa ake fara neman kaya, lokacin da alkama ta yi tsada, zuma ta ɓuya, masu man gyaɗa suna ja maka rai kamar kai ne ka zo neman aurensu. Na ce wannan shekara ba za a yi da ni ba. Tun watan azumin tsofaffi na karɓi alkama wajen masu lambu, na aika Birchi aka kawo zuma, na bi matan Kurfi masu matsar gyaɗa gida gida na kama mai. Har nan ban yi kuskure ba, kuma ko yau haka zan yi. Kuskuren shi ne da na ga kaya sun samu da araha, sai na buɗe baki na karɓi aikin da ya ninka na goggo. Har gidan wani malami a Kurfi, mai yawan iyali, wanda ya saba raba wa jikokinsa da yaran unguwa goron salla, na ce su kawo nasu ni zan yi. Goggo ta ce tulunanmu na mai biyu ne, ina zan zuba sauran? Na ce mata wanda ya samu mai ba ya rasa mazubi.

A bayan kantin masu sayen fata da kirgi na ga garewani a jibge. Mai gadin wurin ya ba ni ɗaya kusan kyauta. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya gaya mini. Ya ce wannan ba ta kananzir ba ce, ta maganin nan ce da Nasara ke sa wa kirgi don kada ƙwari su ci, ya ce ruwan wanki kawai zan riƙa ɗiba da ita. Na shinshina ban ji warin komai ba. Na ce a raina tsoho da tsoro. Na ɗauraye ta sau ɗaya a bakin rijiya, ban ko jira ta bushe sosai ba, na juye mai na toshe da tsumma na tura bayan ɗaki. Goggo ba ta sani ba, don na san in ta sani za ta sa ni zaman jin wa'azi.

Azumi ya zo ƙarshe muka shiga tuya. Man tuluna ya ƙare ana gobe jajibere, na jawo garwa na ci gaba, har na kife ta a kasko don kada ɗigo ya tafi a banza. Na ga wani farin abu kamar alli ya biyo mai daga gindinta, na ce ƙura ce. Ina azumi, ba halin in ɗanɗana, da aka sha ruwa kuma na hana kowa taɓawa don da ƙyar alkakin ya kai na mutane. Na haɗe na tulu da na garwa wuri ɗaya na tsoma a zuma. Ɓarɓashin da ya rage a kasko na watsa wa kaji. Da asuba mai jaki ya ɗauki na Kurfi, 'yan talla suka kai na cikin gari.

Da hantsi na je buɗe akurki, na ji shiru. Wanda ya taɓa kiwon kaji ya san ba sa shiru da safe. Wasu sun sandare, wasu suna kwance baki buɗe suna jan ƙafa, zakaran goggo yana ta juyi a wuri ɗaya. Nan take maganar mai gadin nan ta dawo mini kalma kalma. Kuma bari in faɗi abin da ya fi muni, don shi ya sa nake rubutun nan. Ban yi ihu ba. Fartanya na ɗauko na koma bayan ɗaki na fara haƙa rami, ina gaya wa kaina annobar kaji ce, ai tana yawo. Ina tuna alƙali, ina tuna gidan yari, ina tuna yadda ake nuna mace da baki a ce ga mai sammu nan har ta mutu. Ina cikin haƙa goggo ta dogaro sandarta ta tsaya a kaina. Ta dubi kaji, ta dubi garwar da ke kife, ta tambaye ni ta mene ce. Na faɗa mata. Ba ta zage ni ba. Tambayata kawai ta yi, ko ramin nan zai ishi 'ya'yan mutane su ma, ko kuwa na kaji kaɗai nake haƙawa.

Abu ɗaya ya tsaya tsakanina da kisan kai, shi ne azumi. Manya ba za su ci ba sai rana ta faɗi. Goggo ta ce ita za ta ja ƙafarta ta bi gidajen cikin gari, ni in kama hanyar Kurfi, in kuma rana ta riga ni to kada in dawo mata gida. Na fita ko mayafin kirki ban ɗauka ba. Ban taɓa jin tsoron rana irin na ran nan ba. Ba zafinta ba, tafiyarta. Duk ɗaga kai sai in ga ta ƙara sauka. Wasu matan Fulani da ke dawowa daga tallan nono suka tsaya suna dariya, ɗaya ta ce ko mijin ne ya biyo ni da taɓarya, in tsaya su ɓoye ni a ƙwarya. Na wuce su na ci gaba da gudu. A wani rafi na durƙusa na sha ruwa, na karya azumina ina sane, don na ga in ban sha ba a nan zan faɗi. Can gaba wani falke ya tausaya ya ɗora ni a jakinsa, yana ta tambaya wa ya mutu, ni kuwa ina cewa a zuci tukuna dai, ya Allah tukuna. Abin da ke cin raina shi ne yara ba sa azumi.

La'asar ta yi sanyi na shiga Kurfi. Na faɗa gidan malam ba sallama, na tarar uwargidan ta jera alkaki a faifai ana jiran kiran salla, yara sun kewaye suna haɗiyar yawu. Na sa hannu na kife faifan a ƙasa. Ta miƙe tana salati, tana cewa wace mahaukaciya ce wannan, ɗiyar wa ce ba tarbiyya. Na ce guba ce, ni na yi, kada kowa ya taɓa. Sai wata matashiya, surukar gidan, ta dafe ƙirji ta ce ta gutsura wa ɗiyarta rabi ɗazu don ta dame ta da kuka. Yarinyar ba ta wuce yaye da daɗewa ba. Tana zaune bakin murhu tana lasar zuma a yatsa, tana kallona.

Kafin a sha ruwa ta fara amai. Aka yi ta ɗura mata madara, malam ya yi rubutu aka ba ta, cikinta ya ɓaci, idanunta suka faɗa. An ga wata, gari ya ɗauki guɗa da kiɗa, ni ina rakuɓe a bakin ƙofar ɗakin ina ƙirga numfashinta. Uwar ba ta kore ni ba, ba ta kuma dube ni ba, kuma wallahi da ta rufe ni da duka ya fi mini sauƙi. Ranar salla kowa ya tafi idi, mu muna nan. Sai bayan kwanaki yarinyar ta buɗe baki ta ce tana son koko. Malam ya sa aka haƙa rami mai zurfi aka binne alkakin inda kare ba zai tono ba. Ya ce ba zai kai ni gaban alƙali ba, tunda da ƙafata na zo, amma kada in ƙara aiko masa da ko ruwan sha.

A cikin gari goggo ta tattaro nata duka, ba wanda ya ci. Amma sunan da ta yi shekaru tana ginawa ya tafi a wuni ɗaya. Yara suka sa mini mai alkakin kaji. Salla ta zagayo ba gida ɗaya da ya aiko, goggo ta kife kaskonta ta koma dama fura, ba ta taɓa yi mini gori ba har yau.

'Yan'uwana masu sana'ar abinci, sayen kaya da wuri dabara ce, ban hana ba. Amma ku fara da mazubi kafin mai, ku karɓi aikin salla daidai tulunanku, ba daidai kwaɗayinku ba. Garwar da ba ku san abin da ta ɗauka ba ku bar ta, ko kyauta ce. Ku gama tuya da sauran lokaci, yadda in wani abu ya ɓaci za ku gani tun yana cikin gidanku. Ni yanzu a wani gari nake, ina ɗan toya ƙosai, kuma masu saye suna mitar na cika nawa. Na farko da ya fito daga kasko ni nake ci, in zauna in jira, kome tsawon layi. Ni da ba na iya jiran garwa ta bushe, kaji da ɗiyar mutane suka koya mini zama.