Kwanon Lado

Shekara ashirin Lado yana wankin manyan motoci a bakin iyakar Jibiya. Direbobin Maraɗi duk sun san shi, don ko tayar mota sai ya bi ta da soso kamar za a kai ta gaisuwar surukai. Ruwan kududdufi yake ja da inji, feshin yana komawa fuskarsa yini guda.

A layinmu muna ciyayya bayan magariba: kowane magidanci ya fito da tuwon gidansa, mu haɗa hannu a kwano ɗaya. Lado ne mai ba mu dariya, shi ne kuma mai cinye mana nama.

Da tari ya kama shi har ya rame, aka ce tibi ne. Ni Ɗantala, maƙwabcinsa, ni na kawo shawarar a ware masa kwano da moɗa. Bai yi musu ba. Ya koma bakin dakali yana ci shi kaɗai, muna jin ƙarar cokalinsa. Har yau ina jin kunyar abin.

Ya sha maganin tibi wata shida, tari yana nan. Matarsa Fatsuma, wadda ba ta barin magana a ƙasa, ta tasa shi gaba zuwa Katsina. Wata likita ta tambayi sana'arsa, ta aika majinarsa gwaji, aka jira makonni. Ashe ƙwayar cutar 'yar uwar ta tibi ce, amma a ruwa da ƙasa take zama, kuma ba kasafai ake ganinta ba. Aka ɗora shi kan magani iri uku, aka ce zai haura shekara yana sha. Ya bar injin feshi, ya koma guga da tsumma.

Ranar da ya dawo ya zauna a dakalinsa, ya ba mu labari. Da ya kai ƙarshe sai ya yi ƙasa da murya.

"Likita ta ce wanga ciwo ba a ɗaukar shi a kwano. Tun farko ba a ɗaukar shi."

Na tashi na ɗauko kwanonsa, na juye tuwon cikin namu.

Lado ya wanke hannu, ya matso, ya lalubo tsokar da na ɓoye a gefena.