Gaiwar da Ta Faɗo daga Katangarmu

Ranar wata Lahadi da hantsi, a shekarar da ta biyo bayan babban farin nan, ruwan farko ya sauka a ƙauyenmu da ke gefen dajin Kuyello. Ina da shekara tara a lokacin, ina aji biyu a firamare. Na fake a rumfar awaki ina kallon yadda ruwa yake dukan sabuwar katangar garke, sai na ga wani curin laka ya kumbura, ya tsage, ya zame ƙasa. Daga cikinsa wani abu baƙi mai tsawon hannuna ya faɗo a kwatami yana mutsu-mutsu. Na zaci maciji ne, na ƙwalla ihu. Kakata, wadda muke kira Iya, ta fito da faifai a ka, ta duƙa ta duba, ta yi dariya har tana tari. "Kai Idi, ba maciji ba ne, gaiwa ce. Ubanka ya gina mana katanga da kifi."

Yadda aka yi kuwa, farin shekarar ya ƙafar da tafkin fadamarmu har ƙasansa ya tsattsage kamar tsohuwar tukunya. Ruwan sha ma sai an yi sammako rijiya ɗaya tak, balle na kwaɓa ƙasar gini. Ga awaki suna shiga gidajen maƙwabta suna jawo mana magana. Sai Baba ya ɗauki diga ya je tsakiyar tafkin, ya riƙa yanko busasshiyar laka curi-curi, mu kuma muna jida a ka. Bai jiƙa ta ba, bai tattake ta da ramno, wato busasshiyar ciyawa, ba kamar yadda ake yi wa tubali, ya dai jera curin ya shafe da taɓo kaɗan. Iya ta yi masa magana tun ranar farko. "Ƙasar fadama da mai ita a ciki, a tattake ta tukuna," in ji ta. Baba ya ce ai garken awaki ne, ba ɗakin amarya ba.

Gaiwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Da rani manya sukan bi busasshiyar fadama suna neman ɗan ƙaramin rami kamar na gizo-gizo, su bubbuga ƙasa su kasa kunne, in sun ji wani ɗan gurnani sai su tona. A ciki za a same ta ta naɗe kanta a wani kwanso siriri kamar busasshen ganye, tana numfashi a hankali, tana jiran damina. Amma ba wanda ya taɓa jin ta yi wata da watanni a jikin katanga, rana tana dukanta, awaki suna goga jiki a kanta. Na ɗauke ta da hannu biyu, santsinta yana kuɓuce mini, na saka ta a kaskon da kaji suke shan ruwa. Ƙafafunta, ko in ce fikafikanta, sirara ne kamar igiyar rama. Lokaci-lokaci takan ɗago kai sama ta haɗiyi iska kamar mutumin da ya sha gudu. Ranar ban je kiwo ba, ban je langa ba, ko tsintar kanya da abokaina suka kira ni ban amsa ba.

Washegari a makaranta malaminmu, Malam Haruna, wani saurayi ɗan birnin Zariya da aka turo mana, yana koya mana dabbobin tudu da na ruwa a gindin ɗorawa, domin ajinmu iska ta yaye rufinsa. Ya ce kifi ba ya rayuwa in babu ruwa. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, namu ya rayu a cikin katanga." Ya ce in maimaita, na maimaita. Ya yi dariya har ya dafa bishiya, yara suka kama, har da waɗanda iyayensu suke tonon gaiwa duk shekara. Ya buɗe littafi ya nuna mini wani layi da ban iya karantawa ba, ya ce ga shi a rubuce, kuma yaron da ya fara ƙarya da kifi zai ƙare da ƙaryar giwa. Ya sa na durƙusa a kan tsakuwa har aka tashi tara. Kafin azahar sunana ya koma Kifin Bango.

Na sheƙa gida da gudu don in ɗauko kaskon in kai wa Malam, na tarar da shi wayam, kaji suna shan ruwa. Iya tana tsinkar zogale ko a jikinta. Ta ce Baba ya so a yi miya da gaiwar, ita kuwa ta ɗauke ta a ƙwarya ta kai ta tafki. "Abin da ya yi wannan haƙurin a bango ba a saka masa da tukunya," in ji ta. Na yi birgima a ƙasa, na ce ta sa an mai da ni maƙaryaci. Ta ce ita ta gani, ni na gani, Allah ya gani, me ya rage? A lokacin abin da ya rage mini shi ne Malam Haruna da littafinsa. Kwana uku ban ci tuwon da ta ajiye mini ba.

Na ƙudurta cewa in akwai ɗaya a katangar, to ba za a rasa ta biyu ba. Kullum in na dawo daga kai abinci gona sai in bi curin nan ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da dutse, ina manna kunnena. Da ban ji komai ba sai na koma zuba musu ruwa da butar alwalar Baba, a ɓoye, safe da yamma. A rana ta shida gefen katangar ya zube gaba ɗaya. Gaiwa ba ta fito ba, awaki ne suka fita, suka faɗa gonar maƙwabcinmu suka cinye masarar da ta fara tsiro. Dukan da na sha ranar bai kai mini zafin sunan nan ba. Na fara laɓewa a kurmi da danƙon harbi lokacin makaranta, ina bin kurciya, ina kallon sawun gada a bakin rafi. A raina na ce littafin da ya ƙaryata abin da na riƙe da hannuna ba ni da abin yi da shi. Baba kuwa da ma yana neman mai riƙe masa shanun huɗa. Daga daminar nan ban sake komawa aji ba.

Sai bara, bayan rashin tsaro ya taso mu daga ƙauye muka dawo cikin garin Birnin Gwari, na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemuna. Malamarmu, Malama Rahila, ta ce kowa ya ba da labarin abin da ya raba shi da makaranta. Na ba da nawa ina jiran a yi dariya. Ita ba ta yi ba. Mako na gaba ta zo da wata takarda da ta rubuta da Hausa da manyan baƙaƙe, ta ce, "Malam Idi, ba ni zan karanta maka ba, kai za ka karanta mini." Na sa yatsa ina bi a hankali. Takardar ta ce gaiwa kifi ce mai huhu, tana iya yin fiye da shekara a busasshiyar laka, kuma irinta ya girmi kada da kunkuru a duniya.

Sauran ta yi mana bayani da baki. Ta ce masana sun gano a jikin duwatsu cewa wajen shekara miliyan ɗari biyu da hamsin da suka wuce, duwatsu masu aman wuta sun ɓata iska da teku, mafi yawan halittun duniya suka ƙare. Zamanin da ya biyo baya ana ce masa Tirayasik. Ƙasashen duniya duk a haɗe suke wuri ɗaya, tsakiyarsu zafi da fari, ruwa ya zo da ƙarfi ya ɗauke da daɗewa. Ba ciyawa irin tamu, ba furanni, ba tsuntsu. Dangin kada ne suke mulkin tudu, waɗansu dogayen ƙafafu gare su suna gudu kamar kare, manyan dabbobin nan da ake kira dainaso kuwa a lokacin ƙanana ne. Halittu suka yi ta sauyawa a hankali, waɗansu suka shuɗe ba su bar jika ba, dainason ma suka yi zamaninsu suka tafi. Dangin gaiwa suna nan a taɓo, har ramukan da suka kwanta a ciki an samu sun zama dutse. Wani dattijo a ajin ya ce, "Ikon Allah! Kuma mu muna zuba mata yaji." Ni dai Iya nake tunawa da ƙwaryarta a hanyar tafki.

Ban riƙe Malam Haruna a zuci ba, yaro ne shi ma a lokacin, abin da aka ba shi ya karanta. Shekara arba'in ne dai suka tafi. An ce mini masu haƙar zinariya sun farfashe fadamarmu, katangar Baba ta narke ta koma ƙasa, ɗorawar makaranta ba kowa a gindinta. Duk sa'ad da ruwan farko ya sauka a kan kwanon ɗakin da muke haya, nakan ce ko akwai wata a can ƙarƙashin laka da ta ji shi, ta fara motsi. Abokan da suka yi mini dariya sun watse, waɗansu Kaduna, waɗansu kushewa. Yau babu mai kirana Kifin Bango, kuma da zan ji wani ya kira, da gudu zan amsa.