Jitar da Kaka Ya Ƙwaƙule wa Ciki

Shekaru sun share mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen wasu 'yan ajinmu sai na yi ta lalube. Amma ranar da jitar yayana ta yi kuka a Maigatari tana nan daram, kuma ba na jin za ta bar ni sai ranar da na bar duniya.

Lokacin ina ɗan shekara sha biyar a Gumel, siriri kamar sillen kara, bakina kuwa ba ya hutawa. Idan na ga ɓera sai in ce gafiya ce, idan gafiya ce to ta zama ɗan akuya. Yayana ya dawo daga yaƙin basasa da abubuwa biyu: tabon harsashi a kafaɗar hagu, da wata jar jita mai lantarki da ya koyi kaɗawa a cikin makaɗan soja kafin a harbe shi. Ba irin jitar nan mai ƙaton ciki ba ce. Gungumen itace ne guda aka shafe da fenti, ba ta magana sosai sai an jona ta da lasifika. Na sha rantse wa abokaina cewa ta fi buhun gero nauyi, har jakin maƙwabcinmu ya taɓa hango ta ya juya da baya. Gaskiyar magana ba ta wuce nauyin jariri mai ƙoshi ba. Matsalar ita ce maɗaurinta a kafaɗar hagu yake sauka, daidai kan tabon.

Tun da ya dawo Yaya ba ya yawan magana. Sai in ya rataya jitar nan kawai nake ganin mutumin da na sani kafin ya tafi. Amma kafin ya kai ƙarshen kiɗa guda zufa ta karyo masa, sai ya sauke ta, ya koma zaure ya zuba wa bango ido.

"Yaya, ka zauna mana ka kaɗa," na ce masa wata rana. "Masu garaya ma a zaune suke yi."

"A tsaye na koya," ya ce. "Ranar da na zauna, na yarda ke nan an gama da ni."

Ana haka sai saƙo ya zo daga Maigatari. Abokinsa, wanda ya goyo shi daga bakin daga ranar da aka harbe shi, zai yi aure, kuma ya ce ba ya son gudummawar komai sai kiɗa. Na ji Yaya yana gaya wa Inna cewa zai je. In kafaɗar ta ƙi, zai sayar da jitar ga mutanen Damagaram ran kasuwa, ba zai dawo da ita gida ba. Ni kuwa na san in jitar ta tafi, zauren nan ne zai cinye shi.

Akushin tuwo ne ya ba ni dabara. Na ɗaga shi na ce, "Yaya, wannan ma fa gungume ne kafin a ƙwaƙule shi." Na zaci zai kore ni. Sai ya ce ya taɓa ganin wani makaɗi a kudu da ya sa aka huda ramuka a bayan tasa don ta rage nauyi. Ashe ana yi.

Muka hau mota zuwa Gagarawa wurin ƙanin kakarmu, masassaƙi ne, turmi da akushi da kalangu duk aikinsa ne. Kaka muke ce masa, kuma tsakanina da shi ba a raga wa juna. Yana ganina ya ce, "Kai, har yanzu ba a fara ba ka abinci a gidanku ba? Dubi yatsu kamar tsinken tsire."

"Kai ma na ga har yanzu haƙoran ba su dawo daga yawo ba," na ce.

Ya karɓi jitar ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta da gaɓar yatsa, ya kara kunne. Sai ya girgiza kai cikin tausayi. "Turawan nan ba su gama aikinsu ba. Wa ya taɓa ganin abin kiɗa babu ciki? Wannan ai kujerar tsakar gida ce aka ɗaura wa tsirkiya."

Yaya ya kwance wayoyin da ƙarafunan ya naɗe a tsumma, sannan ya ɗauki alli ya zana ƙananan da'irori a bayanta, gefe da gefe. Tsakiyar kuma ya ja mata layi biyu tun daga wuya har ƙasa. Ya ce nan ne ke riƙe da ƙarfin tsirkiyoyin, in aka taɓa shi jitar za ta lanƙwashe. Kaka ya ce ya ji, da irin muryar wanda bai ji ba. Yaya ya koma Gumel, ya bar ni gadi.

Gadin kuwa na yi shi. Kaka bai ga dalilin ƙananan ramuka ba, shi da ya saba rarake kalangu har ya ji yana amsa masa. Kafin in ankara ya haɗe da'irorin, gefen dama ya zama kwari guda, na hagu ma haka. Yana ƙwaƙulewa yana ƙwanƙwasawa, yana cewa, "Ka ji? Ta fara buɗe baki." Da na ga ya ɗaga gizago ya nufi tsakiya, sai na yi tsalle na kwanta a kanta rub da ciki.

"Tashi, ɗan nema! Sauran wannan gungumen ne ya hana ta magana."

"Sai dai ka haɗa da ni, Kaka. Ni ma ka ce ba ni da ciki."

Muka yi ta yi har matarsa ta leƙo ta ce ya ƙyale yaro. Ya ƙyale, yana mita. Ya rufe bayan da siririn katako, amma ya rantse sai ya bar wata 'yar kafa a gefe, wai babu abin kiɗan da ba shi da wurin numfashi. Ɓarɓashin itacen ya cika ƙwarya, da shi aka dafa mana kunu da safe. Na daɗe ina gaya wa mutane cewa na taɓa shan nauyin jita.

Da Yaya ya rataya ta a gida, sai na ga ya tsaya cak. Ya ɗaga kafaɗar, ya sauke, ya zagaya tsakar gida. Wuyan jitar yana ɗan rinjaya ƙasa tunda jikin ya yi sakayau, amma bai damu ba. Ko ba lasifika tana amo mai daɗi. Abin da ba mu yi ba shi ne gwada ta da lantarki, domin lasifikar da batirin motar da ke ba ta wuta suna can Maigatari wurin ango.

Ranar bikin, bayan la'asar, aka taru a ƙofar gidan ango. Tsofaffin sojoji a gaba, yara sun yi da'ira, mata na leƙe ta saman dangar kara. Yaya ya jona waya, ya murɗa murya. Kafin ya taɓa tsirkiya sai jitar ta ɗauki wani irin kuka, ya fara kamar na kura ya ƙare kamar na jirgin ƙasa. A da nakan ce har raƙuman kasuwa sun tsinke sun tsallaka Nijar. Raƙuma dai ban gani ba, amma awaki sun watse, wani tsoho ya bar takalminsa. Yaya ya rage murya, kukan ya tsaya. Ya ƙara, ya dawo. Cikin da Kaka ya yi mata ne ke kama ƙarar lasifikar yana mayar mata, su yi ta ihu da juna.

Yara suka fashe da dariya. Yaya bai yi ba. Na ga hannunsa ya tafi ga maɗaurin zai cire, fuskarsa ta koma irin ta zaure. Kafaɗar ta yarda, jitar ta ƙi.

Amma ni na lura da wani abu. Lokacin da ya rungume ta a cikinsa don ya tsayar da kukan, kukan ya ragu. Na ce, "Yaya, yunwa take ji! Cikin ne ba komai. A ba ni auduga."

Ango bai tsaya tambaya ba. Ya shiga gida ya fito da sabon matashin kai daga kayan ɗakin amarya, wata gwaggo na biye da shi tana salati. Ya farke shi da wuƙa, audugar rimi ta yi ta tashi. Kafar nan da Kaka ya bari, babu yatsan da ke shiga sai nawa. Na durƙusa ina cusawa ina turawa da tsinke, Yaya na tsaye da jitar a wuya, gwaggo na faɗin ba ta taɓa ganin an ciyar da katako ba. Sai da kusan rabin matashin ya shige.

Yaya ya murɗa murya a hankali. Shiru. Ya ƙara. Shiru. Sannan ya taɓa tsirkiya.

Ya yi kiɗa a tsaye har aka kira magariba. Ban taɓa ganin ya wuce kiɗa guda ba sai ran nan. Ango ya yi rawa har hularsa ta faɗi, daga baya na hango shi a gefe yana share ido da hannun riga.

A hanyar komawa Gumel, a bayan mota, jitar na kan cinyar Yaya, na ce masa ai ta dawo yadda take. Ya ce a'a. A da in ya ja tsirkiya guda, amon yakan daɗe yana tafiya kafin ya mutu. Yanzu yana saurin gajiya, kuma ya yi taushi.

"Muryarta ta canja," ya ce.

"Kaka ne ya ɓata ta ke nan?"

"Ni ma ai ba da muryar da na tafi na dawo ba," ya ce, ya yi dariya, irin wadda muka daɗe ba mu ji ba.

Bai sayar da ita ba. Da na kai wa Kaka labari ya ce da an bar shi ya cire tsakiyar da ba ta yi kuka ba, kuma a kan haka ya tsaya har ya rasu.

Yanzu da na kai shekarun da kafaɗata ita ma take mini magana, na gane abin da ranar ta koya mini. Ba a rage wa abu nauyi kyauta, sai wani abu nasa ya bi ɓarɓashin ya tafi, kuma ramin da aka bari yana iya yin kuka in ba a cika shi da abu mai taushi ba. Amma in aka tsare tsakiyar, ana iya ci gaba da kiɗa a tsaye, ko da da wata murya ce daban.