Wuyan Yaya Mendo

Shekara ashirin da biyu ke nan Yaya Mendo Tamang tana dako a Darjilin, wani gari a kan tsaunukan Indiya, sha huɗu daga ciki tare muka yi su. Tukunyar gas biyu take ɗaurawa a baya, ta rataya igiyar a goshi, ta hau matakalan da mota ba ta isa, tana tafe tana tsokanar maza wai su matsa kada ta take su. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Wuyan nan nata shi ne gonarta, shi ke ciyar da ita da surukarta makauniya.

To a wuyan ne kaluluwa ta fito mata, ƙasan kunnen dama, kamar ƙwan tantabara, kuma ba ta zafi. Duk muka ce nauyin kaya ne, jijiya ce ta harɗe. Ta naɗe wurin da mayafi ta ci gaba da aikinta. Kafin damina ta wuce sun zama uku, ga zazzaɓi kullum da yamma, ga rama. Ranar da ɗaya ta fashe ta fara ruwa, ni na ja ta zuwa asibitin gwamnati, tana zagina har muka isa.

Wuƙa take tsoro, ta ce mini: "In suka yanka mini wuya, Sukmaya, da me zan ɗauki kaya? Da hanci?"

Ba su yanka ba. Allura suka soka suka ɗebi ruwan, bayan kwana huɗu nas ta ce tarin fuka ne.

"Tarin fuka ba tari? 'Yar nan, ko gyaran murya kin ji na yi?"

"Inna, ai ba huhu kaɗai yake kamawa ba. Wata shida za ki sha magani, kullum, kuma ko rupi ɗaya ba za ki biya ba."

Wannan kyautar ce ta jagula komai. Tun a hanya take gunaguni wai araha ba ta ado, balle kyauta. Ta dai fara sha. A mako na biyar kumburin ya ƙaru maimakon ya sace. An gaya mata hakan yana faruwa, amma Yaya Mendo kunnen ƙashi gare ta. Ta ajiye ƙwayoyin ba tare da kowa ya sani ba, ta sayar da zinariyar hancinta, ta hau mota zuwa birnin Siliguri wajen likitan kuɗi.

Ban sani ba sai da ta dawo, na same ta zaune a kan tukunyar gas ta yi tagumi.

"Me likitan ya ce?"

"Ya karɓi kuɗinsa, ya duba takardata, ya ce in koma in sha na gwamnati. Wai shi ma irinsa zai rubuta."

Dariya ta so ta ƙwace mini, sai na tambaye ta kwana nawa ta yi ba ta sha ba. Ta ce goma sha ɗaya. Nan take na mayar da ita asibitin gwamnati.

Nas ba ta yi mana faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce cutar nan in ana wasa da ita takan daina jin maganin, daga nan sai magana ta yi tsawo, wani lokacin har da tiyata. Ta damƙa ƙwayoyin a hannuna ta ce daga yau ni ce mai gadi.

Yanzu kowace safiya kafin motar gas ta iso, sai na tsaya a kanta ta haɗiye, ta buɗe baki in leƙa. Tukunya ɗaya take iya ɗauka, ita ma sai ta huta sau biyu a hanya, kuma ta daina tsokanar kowa. Saura wata huɗu. Tsoro nake ji, wallahi.

Tana gama haɗiyewa sai ta zame mayafin, ta kamo hannuna ta ɗora a wurin.

"Taɓa ki ji. Ya ragu ko?"

"Ya ragu, Yaya."

Haka nake ce mata kullum. A ido dai ba na ganin bambanci, yatsuna kuwa dako ya kashe su tuntuni, ko garwashi na ɗauka ba na ji. Ban san ko ya ragu ba.