Matar Faston Da Na Koya Wa Hausa

Ina koyarwa a wata firamare a cikin garin Daura lokacin da suka zo. Gidan da suka kama yana jikin namu, katanga ɗaya ce ta raba mu, a sabuwar unguwar bayan gari inda ma'aikata da baƙi suka fi yawa. Mutanen unguwa 'yan Cana suke ce musu. Sai daga baya muka san daga Koriya suke, kuma 'yan mishan ne. Mijin fasto ne, yana kuma gyaran famfon burtsatse a ƙauyuka. Matar ta daɗe tana aikin jinya a ƙasarsu kafin su taho. Dukansu sun ba hamsin baya, 'ya'yansu biyu sun girma, sun baro su can.

Maigidana ne ya fara shiga yi musu barka da zuwa. Da ya dawo sai ya ce mini matar tana neman wadda za ta koya mata Hausa, ya kuma gaya mata ni malama ce.

Na ce, "Ni da Kirista, me zan koya mata?"

Ya ce, "Gaisuwa da cefane mana. Maƙwabciya ce, tana da haƙƙi a kanmu."

Haka muka fara, kullum bayan la'asar, a kan tabarma a tsakar gidanta. Tana ce mini Malama, ni kuma ina ce mata Yaya, don ta girme ni da fiye da shekara goma. Na koyar da yara da yawa, amma ban taɓa ganin ɗaliba irinta ba. Tana da wani ɗan littafi da jan biro, duk kalmar da na faɗa sai ta rubuta ta, ta ja layi a samanta, wani ya hau wani ya sauka, yadda muryata ta yi. Ni da aka haifa cikin Hausa ban taɓa lura cewa muryata tana hawa da sauka ba sai a littafinta. Ranar da na aika mata da tuwon dawa, ta tambaye ni sunan miyar, na ce miyar kuka ce. Sai ta ce cikin tausayi, "Malama, wa ya yi kuka?" Sai da na kai ta bakin hanya na nuna mata bishiyar. Ta tsaya a gindinta ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo, ta ce a ƙasarsu babu itacen da ya kai rabin wannan kauri.

Abincinta ma ya ba ni mamaki. Takan sayi kabeji da yawa, ta yanka, ta cuɗa da gishiri da barkono da tafarnuwa, ta danna a randa ta rufe, ta ajiye a inuwa sai ya yi tsami. Ranar farko da ta buɗe randar a gabana na toshe hanci. Don in rama, washegari na kawo mata daddawa na ce ta shinshina. Na zaci za ta gudu. Sai na ga ta rufe ido, ta ƙara kai ta hanci, hawaye suka taru mata. Ta ce haka ɗakin girkin mahaifiyarta yake ƙamshi, su ma suna da irinta ta waken suya. Daga ranar ban ƙara yi wa randarta dariya ba.

Da asuba, idan na fito alwala, nakan jiyo su ta bayan katanga suna waƙa a hankali cikin harshensu, murya biyu, ta namiji da ta mace. Ladan yana kira daga masallacin unguwa, su kuma suna tasu ibadar. Ba ta taɓa ce mini in bar addinina ba, ni ma ban taɓa ce mata ta bar nata ba. Ta dai taɓa gaya mini cewa tana sa ni a addu'a kullum, na ce ni ma haka, muka yi dariya don kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake roƙa masa.

A damina ta uku da zuwansu ta roƙe ni in raka su wani ƙauye da ke gaba da Mashi, kusa da iyakar Nijar. Mutanen wurin Maguzawa ne, Hausawan da kakanninsu ba su musulunta ba, wasunsu kuma suka shiga Kirista. Can suke zuwa kowace Lahadi. Tana so bayan sujada, kamar yadda suke kiran ibadarsu, ta yi wa mata bayani a kan goyon ciki da haihuwa, tana tsoron kada Hausarta ta gaza a inda kuskure zai yi illa. Maigidana ya yarda. Na ce mata ni fa ba zan shiga coci ba. Ta ce babu wanda zai ce in shiga.

Mun tashi da sassafe a tsohuwar motarsu mai buɗaɗɗen baya, Fasto yana tuƙi, bayan cike da bututu da kayan gyaran famfo. Bayan Mashi muka bar kwalta. An kwana ana ruwa, gero ya kai ƙirji, hanya ta zama ɗan layi tsakanin gonaki. Muka iso wani rafi da ya cika ya kawo. Fasto ya fita ya naɗe wando ya shiga ya gwada zurfin, ya dawo ya ce mota ba za ta wuce ba. Na ce a raina sai mu juya ke nan. Sai na ga Yaya ta cire takalma, ta ɗaure zane sama da gwiwa, ta ɗora akwatin magani a ka kamar wadda aka haifa a ƙauyen, ta miƙo mini hannu.

"Malama, taho. Kada ki kalli ruwa, ki kalli wancan gawon."

Ruwan ya kai mini ƙugu, yana ja na, yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafata. Ina salati, ita kuma tana riƙe da wuyan hannuna da wani irin ƙarfi da ban zaci tana da shi ba. Da muka haye na tambaye ta ko sun taɓa samun rafin haka. Ta ce kowace damina haka yake, wani lokacin ma har ƙirji. A tsallake wani manomi yana jira da amalanken shanu, don ya san ranar zuwansu, ya kuma san rafin. Muka hau, shanu suna tafiya a hankali, kayanmu suna bushewa a jikinmu.

Cocin ɗan ginin ƙasa ne da rufin kwano, kujerun ma na ƙasa ne. Na zauna a waje a gindin wata tsamiya. Abin da na ji daga ciki shi ne abin da har yau nakan tuna. Mata suka fara kiɗa da tulu da ƙwarya, suna waƙa da Hausa, irin muryar da kakata take yi idan tana niƙa. Ban taɓa sanin ana ibadar Kirista da irin wannan muryar ba. Sannan Fasto ya fara wa'azi. Hausarsa ba ta kai ta matarsa ba, yana yi yana tsayawa neman kalma, wani tsoho daga gaba yana miƙa masa ita, shi kuma ya ce, "Na gode, Baba," ya ci gaba. Babu wanda ya yi dariya. Na zauna ina tunanin mutumin da ya bar inda kowa yake fahimtarsa, ya zo da furfurarsa yana rarrafe cikin maganar wasu.

Bayan an tashi maza suka bi Fasto wurin famfo, mata suka kewaye mu a gindin tsamiyar. Yaya ta yi bayaninta, sau biyu kacal ta waiwayo ta nemi taimakona. Ta san sunan kowace mace da na ɗanta. Ta duba masu ciki ɗaya bayan ɗaya, ta ɗiga wa wata tsohuwa magani a ido. Tana cikin haka sai ta ɗaga kai ta dubi rana, ta ce wa wata mata a kawo buta da tabarma mai tsabta, azahar ta yi, Malama za ta yi salla. Matar ta share mini wuri a bayan ɗakinta, ta nuna mini gabas, ta kori kaji.

Shekara tara muka yi muna maƙwabtaka kafin Fasto ya kwanta. Zazzaɓi ne ya fara, ya ƙi sauka, aka kai shi wani asibiti a Kano. Kwana shida ya yi, Allah ya yi masa rasuwa. Duk unguwa mun ɗauka jirgi za a sa gawar a kai ta ƙasarsu. 'Ya'yan ma abin da suka roƙa ke nan a waya. Yaya ta ce a'a, tun yana da lafiya ya gaya mata inda yake so a sa shi, a bayan cocin nan na ƙauye.

Ranar jana'iza da safe na shiga wurinta. Tana zaune a bakin gado, ta yi shiri tsaf, ɗan littafin nan yana cinyarta. Ta ce, "Malama, akwai abin da ba ki koya mini ba. Idan mutane suka zo suka ce ya haƙuri, me zan ce?"

Shekara tara, mun yi gaisuwar safe da ta yamma, ta kasuwa da ta barka da haihuwa, wannan ce kaɗai ban taɓa kawowa ba. Da ƙyar na ce, "Ki ce, da godiya."

Ta rubuta, ta ja layinta a sama, ta maimaita sau biyu, ta tambaye ni ko ta faɗa daidai.

Rani ne, rafin ya bushe, motoci suka wuce har ƙauyen. Ban taɓa ganin taro irin wannan a ƙauye ba. Babura jere a gindin kowace bishiya, wasu mutanen sun tako da ƙafa daga ƙauyukan tsallaken iyaka. Waɗanda suka haƙa kabarin, rabinsu Musulmi ne daga garin da ke kusa. Mai garinsu, wani dattijo mai farin gemu, ya zo da kansa. Ya ce shekaru da yawa matansu suna tafiya mai nisa neman ruwa, wannan bawan Allah ne ya tayar da famfonsu, duk lokacin da ya lalace kuma shi ne yake zuwa, bai taɓa tambayar kowa addininsa ba kafin ya kwance ƙarfe.

Babban ɗansu ya iso daga Koriya kwana ɗaya kafin nan, magidanci ne mai gilashi, ba ya jin ko sannu. Uwarsa ce ta zama tafintarsa. Ina tsaye ina kallo, mai gari yana magana, ita tana juya wa ɗanta cikin harshensu, ɗan yana ba da amsa, tana mayarwa da Hausa. Da aka gama sai ya je gaban dattijon ya durƙusa, ya kai goshinsa har ƙasa kamar yadda suke yi wa manya a can. Dattijon ya rasa yadda zai yi, ya kama kafaɗunsa ya ɗaga shi yana cewa, "Tashi ɗana, tashi." Ita kuwa tana zaune a tabarma tsakanin matan ƙauye, layi yana wucewa, kowa ya ce ya haƙuri, ta ce da godiya, har la'asar sakaliya.

Bayan mako biyu ta bi ɗanta suka tafi. Ta bar mini makullin gida. Matan unguwa suka ce shi ke nan, ta tafi, wace mace ce za ta bar jikoki ta dawo ta zauna ita kaɗai a cikin wannan zafi? Ni ma haka na ɗauka, ina shiga ina share mata tsakar gida ne kawai don kada ya zama kango. Wata huɗu da 'yan kwanaki, na dawo daga makaranta sai na tarar da ita a ƙofar gidanmu, zaune a kan akwatinta, ta rame, gashinta ya yi fari fat. Ta ce ta ga jikoki, ta ga 'yan'uwa, sun yi kuka sun yi dariya, amma akwai mata uku a ƙauye da haihuwarsu ta kusa.

Da yamma ta shigo ta gaida maigidana, ta ce tana da roƙo. Ba ta taɓa tuƙa mota ba a rayuwarta, tana so ya koya mata. Ya dube ni, na dube shi. Lokacin ta haura sittin. Ya ce to, ranar Asabar.

Filin ƙwallon makarantarmu muka je, ni ma na bi su na zauna a baranda. Sai da aka sa mata matashi biyu kafin ta hango gaba sosai. Motar ta yi tsalle ta mutu, ta sake tayarwa, ta sake mutuwa. Ina jiyo maigidana yana cewa, "Yaya, a hankali, saki ƙafar a hankali." A karo na biyar motar ta tafi, ta kewaye filin sau ɗaya kamar amalanke, ta kusa ɗaukar turken raga, ta zo ta tsaya a gabana. Maigidana ya fito yana share gumi da hularsa. Ita kuwa ta leƙo ta taga ta ce a ƙara zagaye ɗaya kafin rana ta yi zafi.

Asabar bakwai suka yi. A Lahadin da ta biyo baya ta loda akwatin maganinta, ta yi mana sallama ta bayan katanga, ta kama hanyar Mashi ita kaɗai.