Jan Ɗan Dokin Malam Bitrus

Ina kasuwar Kafanchan ina zaɓen citta Babana ya kira ni. Ya ce, "Rahila, Malam Bitrus ya tafi." Na ce, ya tafi ina? Shekaranjiya fa muka rabu a ƙofar coci, yana tsokanata wai malafata ta fi laima faɗi. Ashe da safe ya je bai wa dawakinsa ruwa, ya yanke jiki ya faɗi. Har yanzu zuciyata ta ƙi yarda.

Shi likitan dabbobi ne da ya yi ritaya, ni kuwa zabiya ce, abin da ya haɗa mu ke nan. Da aka haife ni fara sol, dangin Baba suka ce ba jininsu ba ce, har Mama ta fara ɗaure kaya. Malam bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya ja Baba zuwa bargar dawakinsa a Manchok, ya nuna masa doki da goɗiya, dukansu baƙaƙe wuluk, ga ɗansu ja jawur yana shan nono. Ya ce, "Wani launi yakan kwanta a jiki ya yi shiru. Sai uba ya kawo rabi, uwa ya kawo rabi, kafin ya fito. Yarinyan nan, kai ma da hannunka a ciki." A ranar Mama ta kwance kayanta.

Yakan ce kili, farin dokin nan, da duhun gashi ake haifarsa, shekaru ne ke wanke shi. "Kar ka yanke wa ɗan doki hukunci ran haihuwa," in ji shi.

Yanzu iyayen Ishaku, wanda zan aura, suna ja da baya don tsoron jikoki irina. Malam ya yi alkawarin zuwa Kwoi ranar Asabar ya yi musu bayani. Ranar Asabar ɗin za a binne shi. A gidan makoki na fashe da kuka, ina jin kunya, domin rabin kukan na kaina ne.

Baba ya dafa kafaɗata. Mutumin da bai taɓa tada zancen nan a gabana ba ya ce, "Bayan jana'iza ni zan je Kwoi. Ban manta jan dokin nan ba. Zan gaya masu da bakina, rabi daga wurina ya fito."

Ubangiji ya yi wa Malam jinƙai, ya ba shi hutu a wurinsa. Ya ta'azantar da matarsa Mama Ladi da 'ya'yansu. Ya kuma ara wa Babana bakin Malam ranar da zai shiga Kwoi. Amin.